Sai Na Aiko

Yau kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya shiga mini. In na kai loma baki sai in mayar da ita kwano. In na fito shan iska a gindin gawo sai in tarar idona ya bar tafki ya koma kan hanyar mota. Ɗana yana birni yana jiran in aika masa ya dawo gida, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa na ari biro a maƙwabta na zauna. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya, don haka ku yi haƙuri da rubutun, ku dai ji maganar.

Sunana Kuluwa. Gidanmu ne na ƙarshe a Tungar Gawo, daga mu sai ruwa. In damina ta yi kyau tafki kan zo har bayan danga, agwagina su fice ta ƙofar baya su faɗa ciki. Da bazara kuwa sai ya ja da baya, ya bar mana baƙar laka da ƙarnin kifi da zafin da ke sa kaji yawo baki buɗe. Sana'ata banda: masunta su kawo kifi, in gyara, in kyafe, in sayar. Maigidana masunci ne, Allah ya yi masa rasuwa shekarun baya, ya bar mini maza biyu. Ƙaramin, Sahabi, yana da shago a birni, da mata da 'ya'ya. Babban shi ne Sallau, kuma da shi nake zaune kafin a tafi da shi birni.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. Ban goya shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goya shi. In zan kira shi sai in ce "kai", in ana yabonsa ko ana zaginsa sai in kau da kai kamar ba da ɗana ake ba. Ko Sallau ɗin nan da nake rubutawa, hannuna ne ke iyawa. Ya haura talatin, ƙato ne, ga ƙarfi ga iyo, bai san ƙarya ba, bai san fushi ba. Abu ɗaya ne: yadda ka faɗi magana haka zai yi ta, ba ragi ba ƙari.

Wata rana na jera tarwaɗa a kan wayar banda, wuta ta kama ke nan aka aiko ana nemana a gidan haihuwa. Na ce masa, "Kai, zauna nan. Duk abin da ya matso kusa da kifin nan ka kore shi." Ni shirwa nake nufi, da kaji, da magen maƙwabta. Ina fita sai ga Hajiya Tamadina, wadda ke zuwa daga birni tana sayen bandata. Ta nufi kifi za ta duba, ya miƙe da filafilin tuƙin jirgi a hannu.

"Sallau, ni ce fa, Hajiyarka."

"Na gane ki, Hajiya. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ja da baya."

"Saya zan yi."

"To, saya daga can."

Da na dawo na tarar da ita a gindin gawo tana fifita da gyale, banda kuwa ta fara ƙauri. Na ruga zan juya kifi, sai na ga filafili a gabana. Ya ce, "Inna, ke ma kin matso." Sai da na ce na sallame shi sannan ya kauce. Layin ƙasa duk ya ƙone. Mu muka ci ƙonannen har ya ƙare, yana ci yana cewa wannan ya fi na kullum daɗi, me ya sa ba na yin irinsa.

Wata rana Baba Gwadabe, Sarkin Ruwanmu, wanda aminin ubansa ne, ya ce a ba shi aron Sallau su je ɗaga raga. Jirgin Baba tsoho ne, yana yoyo. Ya miƙa masa ƙoƙo ya ce, "Duk ruwan da ka gani a cikin jirgin nan, mayar da shi tafki." Baba ya juya baya yana jan raga, yana cire kifi yana jefawa a wani daro mai ruwa don su iso gari da ransu. Sallau ya kwashe ruwan yoyo tas. Ya waiwaya ya ga gorar ruwan shansu, ya tuntsurar. Ya sake waiwayawa ya ga daro.

Da Baba ya juyo ya ce, "Ɗana, ina kifin?"

"Suna cikin ruwan, Baba. Ni ruwan na mayar, su suka bi shi."

Baba ya leƙa daro ya ga wayam. Ya ce, "To, na gode Allah da ba ka lura da gumin jikina ba." Da yamma ya zo ya ba ni labari, yana dariya har yana tari. Na kau da kai na ce Allah ya shirya. Sai da ya tafi na shiga ɗaki na yi tawa dariyar a cikin zani.

Wata rana, ana tsakiyar zafi, Sahabi ya kawo matarsa Baraka su yi mana kwana biyu. Yarinyar kirki ce, amma ta saba da ruwan firji. Ta kurɓi na randata, na ga ta haɗiye shi da ƙyar. Kunya ta kama ni. Na cika ɗan tulu na ba Sallau na ce, "Kai wannan inda ya fi ko'ina sanyi, ka tsaya har ya yi sanyi sannan ka kawo." Ina nufin lungun bayan rumbu. Aka yi azahar babu shi, aka sauke tuwo babu shi. Sai matan da suka je wanki suka ce ai ga shi can cikin tafki. Muka je muka hango kansa kaɗai a tsakiyar ganyen bado, ya rungume tulun a cikin ruwa, bakin tulun na leƙowa a gefen kunnensa.

Sahabi ya ɗaga murya, "Yaya, fito."

"Bai yi sanyi ba tukuna."

"Ta yaya ka sani?"

"Ina ɗanɗanawa."

Da ya fito, abin da ya rage a tulun bai cika moɗa ba. Ya miƙa wa Baraka da hannu biyu, yatsunsa duk sun yi fari sun yamutse. Ta shanye ta ce wallahi ya fi na firji. Ita ta yi dariya har da hawaye, Sahabi bai yi ba. Ranar ya fara ce mini, "Inna, wata rana ruwan nan zai ci Yaya."

Wata rana na dama kunu na ba Sallau ya kai wa Iya Tabawa, tsohuwar da ke can cikin gari, wadda ƙafa ta daɗe da kwantar da ita. Na ce, "Ka gaishe ta, in tana da wani aiki ka yi mata. Duk abin da ta ce tana so, ka yi." Ya je ya gaishe ta, ya tambaye ta me take so. Tsohuwa ta yi irin maganar da tsofaffi ke yi, ta ce, "Ni me zan so, jikana? In dai ga tafkin nan ko sau ɗaya kafin a kai ni." Kafin ta rufe baki ya durƙusa ya saɓa ta a baya. Surukanta suka biyo shi da muciya, yara suka biyo surukan, shi kuwa yana tafiya a hankali yana ce mata, "Riƙe wuyana, Iya." Ya kai ta har bakin ruwa, ya zaunar da ita a kan wani kifaffen jirgi, ya tsoma mata ƙafafu a ciki. Babbar surukar ta iso tana haki tana cewa za ta kai ƙarata wajen mai gari. Iya Tabawa ta ce, "Ke rufe mana baki, ina jin ruwa." Ta zauna har rana ta yi ja, tana nuna masa inda suke tsinkar bado suna 'yan mata, da inda kada ya taɓa kama jakin wani Buzu. Kunun kuwa ya manta shi a ƙofar ɗakinta, akuya ta shanye.

Haka muke zaune. Da asuba shi ke share mini toka, da rana in ji shi a bayan danga yana yi wa agwagi faɗa kamar mutane, da la'asar ya shimfiɗa tabarmarsa nesa kaɗan da tawa, mu fuskanci ruwa, ba mai cewa komai. In tsuntsayen kirinjijiya suka wuce sai ya ce, "Sun tafi gida." In ce, "Uhm." Hirarmu ke nan, kuma ta ishe ni.

Wata rana a bazarar nan ta bana, ruwa ya ja sosai, mutane suka fara bin laka suna shuka masara. Haka muke yi a nan: inda ruwa ya sauka jiya, nan za ka tsuguna ka shuka yau, danshin ƙasa ya raine ta ba sai an yi ban ruwa ba. Shekarun nan tafkin ya rage cika, don haka kowa can ƙasa yake shuka, nesa da gari. Na auno iri na ba shi na ce, "Je ka shuka a inda babanka ke shukawa." Nufina ɓangarenmu, wanda ke daidai da bayan gida. Shi kuwa ya tuna ainihin wurin da yake bin ubansa yana ƙarami, lokacin da ruwa ke kaiwa gindin wata giginya. Wurin yanzu tudu ne busasshe, ko ciyawa ba ta son sa. Nan ya je ya sassare ƙasa ya zuba mini irina.

Da na gani na ce, "Kai, a nan wa zai ba ta ruwa?"

"Nan Baba ke shukawa."

"Da ke nan. Yanzu ruwa ya tafi."

"To, zan je in ɗauko shi."

Ya samo sanda ya rataya garwa biyu, ya shiga jigila tun daga bakin ruwa har gindin giginya, safe da yamma, wani lokaci har da tsakar rana. Masarar mutane ta tashi kore shar a cikin laka ba wanda ya ɗiga mata ko ɗigo, tasa kuwa tana fitowa a wahale. Samari suka sa masa waƙa, in ya wuce su ce, "Ga mai mayar da tafki tudu." Shi sai ya ɗaga musu hannu ya ce sannunku da hutawa.

A haka Sahabi ya zo ya same shi. Ya ga kafaɗar yayansa ta saɓule, ya ji waƙar da kunnensa. Bai yi mini magana ni kaɗai ba, ya san abin da yake yi. Ya tara baffanninsu da Baba Gwadabe a zaure, ya ce zai tafi da Yaya birni. Zai riƙa share masa shago, ga fanka, ga abinci, ga asibiti kusa, ba ruwa ba masu waƙa. Ya ce, "Inna ma ba yarinya ba ce. In ta Allah ta kasance, wa zai riƙe shi? Gara ya saba da mu tun yanzu." Ba ƙarya ya faɗa ba. Aka leƙo aka tambaye ni. Wace uwa ce za ta buɗe baki a gaban ƙannen miji ta ce a bar mata ɗan fari? Na ce ai naku ne, yadda kuka gani.

Ranar tafiya mata suka cika ƙofar gida. Sallau ya fito da ƙunshin kayansa, ya tsaya a gabana.

"Inna, yaushe zan dawo?"

Ido duk a kaina. Na dubi gefe na ce, "Sai na aiko."

"To. Masarata fa?"

Wata daga cikin matan ta ce, "Giginya za ta ba ta ruwa." Aka yi dariya. Ya shiga mota, ya leƙo ta taga yana kallon giginyar kamar yana jiran ta amsa.

Giginya ba ta ba ta ruwa ba. Ni ce nake fita da sassafe da bokiti kamar za ni wanki, in zaga ta bayan danga in zuba mata. Bayana ya yi ciwo, ban fasa ba. In aka gan ni sai in ce akuya nake nema.

Ana nan, tun ba a yi ruwan fari a garinmu ba, sai muka wayi gari tafki ya yi ja. An yi ruwa mai yawa a can kudu, kogin da ke shigo mana ya kawo shi da wuri, ba a lokacin da aka saba ba. Ruwa ya yi ta hawa, yana cin laka yana cin gonaki. Masarar mutane ta fara fitar da kai ke nan, ba ta yi goyo ba. Maza suka shiga da jirage ko za su ceci wani abu, suka dawo da karan da sai dai a ba shanu. Ruwa ya hau, ya hau, ya zo daf da gindin giginya ya tsaya. Danshi ya ratsa ƙarƙashin gonar Sallau. Masarar da nake ba ruwa da bokiti ta miƙe ta yi duhu, ganyenta ya yi faɗi, ta yi goyo bibbiyu. A duk Tungar Gawo bana ita kaɗai ce a tsaye.

Baba Gwadabe ya zo ya tsaya a kanta, ya jingina da sandarsa. Ya ce, "Nan ne bakin ruwa na gaskiya. Ya daɗe bai zo ba ne muka ɗauka ya manta hanya." Samarin da suka yi waƙa yanzu su ke zuwa su durƙusa su gaishe ni, su ce, "Inna, ina Malam Sallau? In an karya a taimaka mana da iri." Surukar Iya Tabawa ma ta zo, wai dama ita ta san yaron nan ba haka Allah ya bar shi ba. Na kau da kai na ce uhm.

Ban bari an karya ko ɗaya ba. Babu abin da yake so a duniya kamar gasasshiyar masara, irin wadda in ka danna da farce ruwan nono ke fitowa. Yakan zauna a bakin wutar banda yana juya ta da yatsa yana hura hannu. Jiya na ɓare bakin wata na danna. Ruwan ya fara kauri.

Maikano direba, wanda ke kai mana kifi birni ranar kasuwa, shi ke kawo mini labari ba tare da na tambaya ba. Ya ce Sallau ya yi ƙiba, ya yi fari, an ɗinka masa sababbin kaya, Baraka na kula da shi kamar ubanta. Ya ce shagon Sahabi bai taɓa tsabta irin ta yanzu ba, don an ce masa ya riƙa sharewa, ba a ce ya daina ba. Amma duk ranar kasuwa, kafin motar ta gama tsayawa, yana tasha da ƙunshinsa a hammata.

"Inna ta aiko?"

"Ba ta aiko ba, Sallau."

"To. A gaishe ta."

Ya juya ya koma. Maikano ya ce satin da ya wuce tausayi ya kama shi, ya ce masa, "Shigo mu je, ai Inna na son ganinka." Sallau har ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya tsaya ya ce, "Da bakinta ta ce?" Maikano ya kasa yi masa ƙarya. Ya sauke ƙafarsa.

Na san shi. Ko gemunsa zai yi fari a tashar nan, ba zai taho ba sai na ce. Kuma ba zai yi fushi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na yi tunanin in karya masarar in aika masa a buhu, ba sai na ce komai ba. Amma zai karɓa ya tambayi Maikano ko na aiko, a ce masa masara dai aka aiko. Na yi tunanin in ce Baba Gwadabe ya aika da sunansa, amma ba Baba ne ya yi masa alkawari ba. In kuwa na aika da bakina, gari duka zai ji cewa Kuluwa ta kasa haƙuri ta kira ɗanta na fari, Sahabi kuma zai ce na watsa masa ƙasa a ido a gaban baffanninsa. Wannan duk zan iya shanyewa. Abin da ban iya warwarewa ba shi ne maganar Sahabi, don gaskiya ce. Can yana da inuwa da mai riƙe shi bayan raina. Nan ruwa ya cika har bayan danga, ni kuma gwiwata ta fara ƙara in zan tashi. Ban sani ba ko don shi nake son ya dawo, ko don tabarmar nan da nake shimfiɗawa da la'asar in rasa wanda zai ce mini tsuntsaye sun tafi gida.

Jibi kasuwa. Maikano zai tsaya a ƙofar gidana ya ɗauki kwandunan banda, zai ɗan jinkirta yana gyara igiya kamar yadda ya saba yi kwanan nan, yana jira ko zan ce wani abu. Ku da kuka haifa, ku da aka haife ku, don Allah ku gaya mini. In bar shi inda yake, ko in buɗe baki?